Zafin cikin ƙwayar halitta: me muke aunawa a zahiri?

Mai Madubi:
Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ga maganar da nake so mu baje a faifai yau. A 2012 Kohki Okabe da Seiichi Uchiyama na Jami'ar Tokyo sun ruwaito cewa cibiyar ƙwayar COS7 (ƙwayar ƙodar biri da ake raino a ɗakin gwaji) ta fi ruwan cikin ƙwayar da ke kewaye da ita zafi da digiri 0.96. A 2018 kuma Dominique Chrétien da Pierre Rustin da abokan aikinsu a Paris suka buga a PLoS Biology cewa maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke ƙona abinci su samar da makamashi a cikin ƙwaya, na ƙwayoyin ɗan adam HEK293 suna aiki a zafin da ya kusa digiri 50, alhali ruwan rainon yana kan 38. To wanda yake da maikiroskof na ƙyalli da wurin rainon ƙwayoyi, ta ina zai fara? Da rini mai ƙyalli da ake sawa cikin ƙwayar ake irin wannan awo, to idan ya ga ƙyallin ya ragu, da wace hujja zai ce zafi ne?

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa maikiroskof a ɗauki biro. Ƙwaya guda ta dabba mai shayarwa tana fitar da zafin fikowat 10 zuwa 100. Fikowat ɗaya shi ne wat ɗaya a raba gida tiriliyan. Mu ba ta 100 ɗin. Abu mai siffar ƙwallo da ke fitar da zafi P a cikin ruwa yana fin ruwan zafi da P ÷ (4π × κ × r). κ, wato yadda abu ke watsa zafi, na ruwa 0.6 ne, r kuma, wato rabin faɗin ƙwallon, mu ce maikiromita 5. Amsar tana fitowa kusan digiri 0.000003. Ko ka tattara duk ƙarfin ƙwayar ka cusa shi cikin maitokondiriya guda mai r na rabin maikiromita, digiri 0.00003 za ka samu. Don wannan maitokondiriyar ta tsaya digiri 10 sama da maƙwabtanta sai ta riƙa fitar da maikirowat 38, wato ninki 380,000 na abin da ƙwayar gaba ɗaya ke iyawa.

Wannan lissafi ba nawa ba ne. Guillaume Baffou da abokansa a Faransa sun kawo irinsa a Nature Methods a 2014, kuma tun lokacin ake kiran matsalar giɓin ninki 100,000.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam, ai wannan lissafin na zafi mai ɗorewa ne. In ƙwayar ta ƙona makamashinta gaba ɗaya a lokaci guda fa?

Malam Lissafi:
Kin yi tambaya mai kyau. Mol ɗaya na gulukos yana ba da kusan kilojul 2,800. Ko da a ce cikin ƙwayar akwai milimol 5 a kowace lita kamar na jini, lita guda za ta ba da kilojul 14. Ruwa yana cin kilojul 4.2 kafin lita ta hau digiri ɗaya. Kin ga digiri 3 da ɗan abu ke nan, in an ƙone komai ƙurmus a ƙiftawar ido kuma babu abin da ya fita. Amma zafi yana tsallake maikiromita 10 na ruwa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Kafin kyamararki ta gama ɗaukar hoto guda ya riga ya watse.

Dakta Numfashi:
Malam Lissafi, a yi wa masu binciken adalci. Ba wai sun zuba rini suka ga ya dushe suka sanar ba ne. Ƙungiyar Paris ta auna ƙyallin rinin Mito Thermo Yellow da shan oksijin a lokaci guda cikin kwalba ɗaya. Yayin da ƙwayoyin ke numfashi ƙyallin yana sauka, da oksijin ya ƙare sai ya koma sama, in aka toshe numfashin da guba irin sayanaid shi ma ya koma. Sun kuma nuna cewa wasu enzayim na sarƙar numfashi sun fi ƙwazo a wajen digiri 50. A 2023 ƙungiyar Howard Jacobs ta Tampere a Finlan ta maimaita da ma'auni na biyu, furotin mai ƙyalli gTEMP da aka tura cikin maitokondiriya, ta samu tazarar da ta kai digiri 15. Ma'auni biyu masu asali daban, amsa ta fuskanci wuri ɗaya. Wannan ba abin da za a share da layi ɗaya na lissafi ba ne.

Sannan κ ɗin da ka saka na ruwan zalla ne. Shingo Sotoma da Yoshie Harada a Osaka sun auna na cikin ƙwayoyin ɗan adam HeLa da MCF-7 a 2021 suka samu kusan 0.11. A 2022 ɗakin binciken Takeharu Nagai ya ga zafi yana yaɗuwa cikin ƙwaya a hankali fiye da cikin ruwa da ninki biyar da ɗan abu.

Malam Lissafi:
Na karɓi 0.11 ɗin hannu bibbiyu, Dakta, aiki ne mai kyau. Saka shi cikin lissafin: giɓin ya ragu da ninki biyar zuwa shida. Saura dubun dubata. Wasu na cewa naɗe-naɗen tantanin ciki na maitokondiriya ne ke riƙe zafi kamar bargo. Tantanin kaurinsa nanomita 5 ne, κ na kitse kuma wajen 0.2. Tura fikowat 100 ta faɗin maitokondiriya guda, kowane tantani zai riƙe ƙasa da digiri 0.000001. Jera goma, jera ɗari, ba ka kusa ba. Batun enzayim kuma, yawancinsu suna ƙara sauri da zafi har zuwa inda za su fara lalacewa, kuma a gwajin 'yan mintuna wannan wurin yakan wuce zafin jiki. Bai zama shaidar cewa a can suke zaune ba.

Hajiya Mai Rini:
Ni inda nake so a tsaya shi ne kan rinin kansa, don nan ne aka fi zamewa. Ba wani rini da ya san zafi. Abin da ya sani shi ne motsin sassansa da abin da ke taɓa shi. Rhodamine B yana rasa kusan kashi 2 cikin 100 na ƙyallinsa a kowane digiri saboda wasu rassa a jikinsa suna ƙara juyawa, makamashin ya zube ba tare da haske ba. To duk abin da ya hana rassan nan juyawa, danƙon wurin ne ko mannewa da furotin, zai ƙara ƙyalli kamar an yi sanyi. Duk abin da ya sake su zai zama kamar an yi zafi.

Ku duba abin da ke faruwa in an zuba FCCP, maganin da ke sa maitokondiriya ta saki makamashinta a matsayin zafi, wanda shi ne gwajin da kowa ke yi. Rini mai cajin fozitif yana taruwa cikin maitokondiriya ne saboda lantarkin tantanin ciki, wajen milibolt 150 zuwa 180. FCCP yana rushe wannan lantarkin, sai rinin ya fara zubowa waje. A daidai lokacin pH na ciki, wanda yake wajen 7.8, yana faɗuwa. Maitokondiriya kuma suna gutsuttsurewa su dunƙule, wasu su fice daga layin da aka saita ido a kai. Abu uku ke nan sun canza, kowanne yana iya rage ƙyalli da kashi 20. Raba 20 da 2, ga digiri 10 sun fito a takarda ba tare da ko ɗigon zafi ba. Akwai ma juyin wannan: in rinin ya yi yawa a ciki yana danne ƙyallin kansa, to da ya fara fita sai haske ya ƙaru, mutum ya rubuta cewa maitokondiriya ta huce.

Saboda haka ƙarfin ƙyalli shi kaɗai ba ma'auni ba ne. Aƙalla a yi amfani da rabon launi biyu, ko tsawon lokacin da ƙyallin ke ɗauka kafin ya mutu.

Mai Madubi:
Hajiya, ai na Okabe tsawon lokacin ƙyalli ne ya auna, ba ƙarfinsa ba. Bai tsira daga wannan ba?

Hajiya Mai Rini:
Ya tsira daga matsalar yawan rini da dushewa da gocewar ido, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma dubi yadda folimar da ya yi awon da ita take aiki. Doguwar sarƙa ce ta NNPAM da aka liƙa wa rini mai ƙin ruwa. In da sanyi sarƙar a buɗe take, ruwa ya kai ga rinin ya kashe shi da wuri. In zafi ya hau sai ta dunƙule ta kori ruwan, ƙyallin ya daɗe. Wurin da wannan dunƙulewa ke faruwa yana matsawa da yawan gishiri da cunkoson furotin. Cikin cibiya da wajenta ba yanayi ɗaya ba ne, DNA ta cika ɗaya. Masu folimar sun gwada ta a ruwan da aka tatso daga ƙwayoyi kuma sun yi ƙoƙarin rage wannan, amma jadawalin daidaito, wanda ke mayar da ƙyalli digiri, guda ɗaya ake ɗorawa kan sassa biyu masu yanayi daban.

Furotin ma haka. tsGFP na Kyoto na 2013 ya dogara da furotin TlpA na Salmonella da ke warwarewa a kusa da digiri 37. gTEMP na 2017 rabon ƙyallin furotin biyu ne, Sirius da mT-Sapphire, kuma shi ya ba da tazarar digiri 2.9 tsakanin cibiya da waje, inda folima ta ba da 0.96. Ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, na sani, amma ninki uku abin tsayawa ne a duba. GFP, koren furotin mai ƙyalli, shi kansa tsawon ƙyallinsa yana canzawa da yadda wurin ke karya haske, wanda ya danganta da cunkoson furotin.

Uwar Ƙwayoyi:
Kun yi nisa, ku dawo kan teburin maikiroskof, don yawancin kuskuren digiri ɗaya zuwa uku a nan ake yin sa tun kafin a kai ga rini. Lambar da akwatin ɗumama ke nunawa ba ita ce zafin ƙwaya ba. Idon maikiroskof mai aiki da mai dunƙulen ƙarfe ne da gilashi, yana manne da ƙasan faranti ta gilashin da kaurinsa milimita 0.17 ne kawai, yana tsotse zafi daidai wurin da kake kallo. In ba a naɗa masa abin ɗumama ba, tsakiyar hoton na iya yin ƙasa da gefen faranti da digiri da dama. A saka siririn tamokoful, ma'aunin zafi na wayoyin ƙarfe biyu, ya taɓa gilashin a cikin ruwan, kusa da wurin kallo da milimita ɗaya, a bar komai ya zauna minti 45 zuwa awa guda kafin hoton farko.

Daidaita ma'aunin kuma a cikin ƙwayar ake yi, a sashen da za a auna, ba a kwalbar ruwan gishiri ba. A hau daga 30 zuwa 42 da digiri bibbiyu, a jira minti 10 a kowane mataki, sannan a sauko ta hanya ɗaya. In layin hawa da na sauka ba su hau kan juna ba, ko rini ya dushe, ko ya zube, ko ƙwayar ta canza, kuma jadawalin bai da amfani. A lura da sinadarin da ke riƙe pH na ruwan: pH na Tris yana sauka da 0.028 a kowane digiri, daga 25 zuwa 37 ya zame da kusan 0.3, wanda ya isa ya motsa furotin mai ƙyalli. HEPES rabin haka yake yi, fosfet kuma kusan ba ya motsi. A cire jan rinin fenol daga ruwan raino don yana ƙara hasken bango.

Wajen zuba magani: a ɗumama shi zuwa zafin farantin, DMSO da ake narkar da maganin a ciki kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100 a ƙarshe, kuma a riga a narkar da shi cikin ruwan raino tun a waje, domin DMSO yana fitar da zafi in ya haɗu da ruwa. Buɗe murfi kaɗai yana sanyaya faranti ta hanyar tururi. Shi ya sa dole a yi gwajin shaida da ruwan da ba magani, da hannu ɗaya da yawa ɗaya.

Ɗan Daimon:
Duk abin da Hajiya ta lissafa shi ne dalilin da ya sa mutane suka koma ga ƙurar daimon. Ma'aunin yana can cikin dutsen, inda naitirojin ya zauna a gurbin kabon kusa da wani gurbi da ba kowa. pH da gishiri ba sa isa wurin kai tsaye. Ana haska shi da koren leza na nanomita 532, ya mayar da jan haske daga 637 zuwa wajen 800. Sai a kawo maikirowef ta siririyar waya kusa da faranti a riƙa sauya mitarsa. A gigahaz 2.87 jan hasken yana ɗan faɗuwa, kuma wannan wurin faɗuwar yana ja baya da kusan kilohaz 74 a kowane digiri. Ƙungiyar Mikhail Lukin da Hongkun Park ta Harvard ce ta nuna shi cikin ƙwayar ɗan adam a 2013, da ƙurar zinariya a gefe a matsayin murhu. A 2020 Masazumi Fujiwara ya kai shi cikin tsutsar C. elegans mai rai da daidaiton kusan digiri 0.22.

Amma shi ma yana da nasa. Maganaɗisu yana raba wurin faɗuwar nan zuwa layi biyu, kowanne yana matsawa da megahaz 28 a kowace militesla. Na duniya kaɗai, wajen maikirotesla 50, ya kai megahaz 1.4, kwatankwacin digiri 19 in layi ɗaya kake bi, kuma daimon yana juyawa cikin ƙwaya. Dole a bi layukan biyu a ɗauki tsakiyarsu. Maikirowef ɗin yana ɗumama ruwa, koren lezan ma haka, don haka a auna da ƙarfi daban-daban a ga ko amsar tana bin ƙarfin. Kowane ƙwayar daimon tana da nata wurin farawa saboda matsin cikin dutsen, ke nan canjin zafi kake samu ba zafin kansa ba, sai in ka daidaita wannan ƙwayar ita kanta. Babbar matsalar kuma: in ka bar ƙwaya ta haɗiye daimon mai nanomita 100, cikin laisosom, jakunkunan da ƙwaya ke narkar da shara a ciki, yake ƙarewa. Kada a rubuta zafin maitokondiriya alhali ma'aunin yana wani ɗaki.

Dakta Numfashi:
To ai ga shi, daimon ɗin da ba ruwansa da pH shi ma ya ga hawan zafi a tsutsar da aka ba FCCP. Kuma a Illinois a 2019 an soka ƙaramin tamokoful na zinariya da faladiyam cikin ƙwayar jijiyar Aplysia, wani dodon koɗin teku, aka ga tsallen kusan digiri 7.5 na ɗan lokaci bayan an zuba BAM15, magani mai aiki irin na FCCP. Wannan ba rini ba ne sam.

Malam Lissafi:
Waɗannan biyun su ne suka fi cancantar a zauna a kansu, ban musa ba. Amma a lura da bambanci. Tsalle na ɗan lokaci bayan an rushe lantarkin da aka tara daban yake da cewa maitokondiriya na zaune a 50 dare da rana. Kuma tarin ƙwayoyi daban yake da ƙwaya guda: in ƙwayoyi da yawa suna fitar da zafi tare, zafin kowace yana hawa kan na maƙwabciyarta. Shi ya sa kitse mai ruwan ƙasa, wanda ƙwayarsa guda kan kai nanowat in an motsa UCP1, furotin da ke mayar da makamashi zafi, yake ɗumama jariri da gaske, alhali ƙwayarsa ɗaya tilo a faranti ba za ta motsa ma'auni ba. Ko a nan ɗin ma ina so a ga lissafin makamashin da aka saki kusa da lambar da aka auna, a shafi ɗaya.

Ɗalibar Kimiyya:
Gafarta malamai, wani abu ya tsaya mini. A wuri mai faɗin nanomita 10, kalmar zafi tana da ma'ana kuwa?

Malam Lissafi:
Tana da ita. Akwati mai nanomita 10 kowane gefe yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa kusan 33,000. Zafinsa yana rawa sama da ƙasa da kusan rabin digiri, amma rawar tana sabuntawa cikin ƙasa da nanosakan ɗaya. Awon sakan guda ya haɗa biliyan ɗinsu, sun shafe juna. Abin da zai dame ki shi ne ƙidayar foton, wato ɗigon hasken da kyamara ke kamawa. Da ma'aunin da ke canzawa kashi 2 a digiri, don ki ga digiri 0.1 sai kin rarrabe canjin kashi 0.2 cikin 100, wato foton 250,000 a kowane wurin awo. Masu launi biyu suna buƙatar fiye da haka. In kin ƙara leza don ki same su, rini ya dushe, ƙwaya ta wahala.

Hajiya Mai Rini:
Ƙanwata, ga gwajin da zan so ki fara da shi kafin kowane magani. Ki samu leza na infrared mai wajen nanomita 1,470, wanda ruwa ke sha kai tsaye. Ki saita shi gefen ƙwayar, ki kunna na sakan ɗaya ki kashe. Zafin gaske yana hawa ya sauka nan take, yana kuma raguwa da nisa daga wurin lezan. Ma'auninki ya bi wannan a cikin sashen da kike so, kafin magani da kuma bayan magani. In amsar da yake bayarwa ga bugun leza iri ɗaya ta canza bayan FCCP, maganin ya taɓa ma'aunin ne, kuma jadawalin farko ya daina aiki. Daga nan ki riƙe pH da naijerisin, maganin da ke daidaita pH na cikin ƙwaya da na waje, cikin ruwa mai yawan fotasiyam, ki sauya shi daga 7 zuwa 8 a zafi ɗaya, ki rubuta digirin ƙarya nawa kowane 0.1 ke haifarwa. Ki maimaita a ƙwayoyin da aka kashe da farafomaldihaid kashi 4, waɗanda ba sa ƙona komai. In cibiya ta ci gaba da nuna ta fi waje zafi a matacciyar ƙwaya, kin san abin da kike gani.

Ɗan Daimon:
A ƙara da ma'auni na biyu da bai da alaƙa da na farko. Ƙungiyar Takakazu Nakabayashi a Tohoku ta nuna a 2020 cewa ana iya karanta zafi daga siffar layin Raman, wato hasken leza da ruwan ƙwayar kansa ke mayarwa da launi ya ɗan canza, babu rini ko kaɗan. Inda kuma zafin daga waje ake kawo shi, ba gardama: a 2020 a Harvard an ɗumama ƙwaya ɗaya cikin biyun farko na ɗan tayin C. elegans da leza, daimon yana aunawa, har aka juya wadda ke fara rabuwa.

Mai Madubi:
Uwar Ƙwayoyi, batun tururi: in an rufe saman ruwan da man faraffin ba a huta da matsalar murfi ba?

Uwar Ƙwayoyi:
Yana tsayar da tururi, amma FCCP da sauran magungunan da ake gwada maitokondiriya da su, olaigomaisin da rotenon, duk masu son mai ne, za su haura cikinsa, yawan da ya rage a ruwan ba shi ne wanda ka zuba ba. Wasu rinin ma haka. Gara murfi mai ƙaramin rami da siririn bututu da aka riga aka cika, tsawonsa yana kwance cikin akwatin ɗumama, a tura maganin ta nan ba tare da an buɗe komai ba. Tamokoful ɗin ya ci gaba da rubutu a duk sakan, a ajiye layinsa ƙarƙashin layin ƙyallin a hoto ɗaya.